Zauren Masu Karatu: Likitocin da Suka Yi Karatu a Waje da Dokokin Amurka

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru ne a kan batu guda, wato halin da likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe ke shiga idan suka nemi yin aiki a Amurka, da kuma dokokin da ake fafutukar gyarawa domin a buɗe musu hanya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana likitan yara ne, ya yi aiki fiye da shekara goma a wani asibitin koyarwa a nan Najeriya kafin ya bi iyalinsa zuwa Amurka. Takardunsa na zama cikakku ne, amma har yau aikin da yake yi shi ne ɗibar jinin marasa lafiya a wani ɗakin gwaji. Shin Amurkawa ba su yarda da digirinmu ba ne, ko kuwa wariya ce kawai? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya buɗa wa yayan naki. Digirinsa karɓaɓɓe ne muddin makarantar da ya yi tana cikin waɗanda hukumar ECFMG ta amince da su, kuma tsofaffin jami'o'inmu suna ciki. Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1956 kuma take da mazauni a birnin Filadelfiya, ita ce ke tantance takardun duk wanda ya yi karatun likitanci a waje, tana tuntuɓar makarantarsa kai tsaye domin ta tabbatar da shaidarsa. Bayan haka sai jarrabawar neman lasisin likita ta Amurka, wato USMLE, mai matakai uku, wadda ɗaliban Amurka su ma suke rubutawa. Matakin farko zaman awa 8 ne a gaban kwamfuta, na biyu awa 9, na uku kuwa kwana biyu ake yi, kuma kowanne sai an biya masa kuɗi masu yawa. Jarrabawar tana da wuya, amma likitocinmu suna cin ta, kuma ban ga dalilin da zai sa a nemi a sassauta ta ba, domin ran mutum ake shirin damƙa wa wanda ya ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo bayan jarrabawa. Lasisin likita a Amurka jihohi ne ke bayar da shi, kuma shekara da shekaru kusan dukkansu sun shardanta cewa sai mutum ya yi horon neman ƙwarewa a wani asibiti na Amurka ko Kanada, daga shekara 1 zuwa 3 gwargwadon jiha, kafin a ba shi. Horon da yayanki ya yi a gida, da shekarun da ya shafe yana duba yara masu sanƙarau da tamowa da zazzaɓin cizon sauro, ba a ƙirga masa ko ɗaya. Kamar a ce wa maginin da ya gina gidaje ɗari ya koma yaron magini mai miƙa ƙasa ne, sannan a gaya masa cewa ko wannan gurbin ma sai ya yi takara.

Takarar kuwa mai zafi ce, saboda guraben horon ƙayyadaddu ne. Mafi yawan kuɗin horon yana fitowa daga shirin inshorar lafiya na tsofaffi da ake kira Medicare, kuma a 1997 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar daidaita kasafi wadda ta daskarar da adadin guraben da shirin zai biya a kowane asibiti. An shafe fiye da shekara 20 a haka, sai a ƙarshen 2020 aka amince da ƙarin gurabe 1,000, waɗanda su ma aka rarraba su a kan shekara biyar. A kowane watan Maris ne ake fitar da sakamakon rabon guraben: ranar Litinin mutum ya sami saƙon imel da ke gaya masa ko ya dace ko bai dace ba, ranar Juma'a kuma a gaya masa asibitin da zai je. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban makarantun Amurka suna samun gurbi, yayin da rabon baƙi da suka yi karatu a waje yake tsayawa kusa da kashi 60. Abin da ya fi cutar da mutane irin yayanki shi ne cewa asibitoci da yawa suna tace takardun neman ne da shekarar kammala karatu, ta yadda wanda ya gama shekara biyar ko fiye da suka wuce ba a ma buɗe fayil ɗinsa. Ke nan daɗewarsa a aiki, wadda ya kamata ta zama abin alfaharinsa, ita ce ke fitar da shi daga layi.

Game da wariya, ba zan rantse cewa babu ita a zukatan wasu ba, amma ko da kowa ya tsarkake zuciyarsa, tsarin da na bayyana zai ci gaba da rufe ƙofar. Shi ya sa masu fafutuka suka karkata ga majalisun jihohi. A 2023 gwamnan jihar Tenesi, Bill Lee, ya sa hannu a kan dokar da ta fara aiki a watan Yulin 2024, wadda ta ba likitan da ya riga ya yi horo ko aiki a waje damar samun lasisin wucin gadi ba tare da ya maimaita horon ba, da sharaɗin yana da shaidar ECFMG kuma wani asibiti mai horar da likitoci ya ɗauke shi aiki. Idan ya yi shekara biyu ba tare da matsala ba, sai ya nemi cikakken lasisi. Jihohi fiye da 10 sun bi sahu da dokoki masu kama da wannan, daga ciki har da Ilinoyi, Fulorida, Birjiniya da Masachusets. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, domin hukumomin lasisi suna ɗari-ɗari kuma asibitocin da ke ɗaukar mutane ta wannan hanya ba su da yawa tukuna, amma shawarata ga yayanki ita ce ya kammala jarrabawarsa idan bai kammala ba, ya tattara shaidar horonsa na gida tun daga kwalejin da ta ba shi ƙwarewa, sannan ya karanta sharuɗɗan kowace jiha a shafin hukumar likitocinta, domin sun bambanta ƙwarai.

TAMBAYA: Ni matashin likita ne, na ci matakai biyu na jarrabawar Amurka. An ce mini ko na sami gurbin horo, bizar da za a ba ni za ta tilasta mini barin ƙasar da zarar na gama. Yaya gaskiyar lamarin yake? Daga wani likita a Kano.

AMSA: Dakta, abin da aka gaya maka gaskiya ne, amma akwai sauran bayani. Yawancin baƙin da ke horo suna shiga ne da bizar J-1, wadda ECFMG ke ɗaukar nauyinta, kuma ba za a ba ka ita ba sai ka kawo wasiƙa daga Ma'aikatar Lafiya ta ƙasarka da ke cewa ƙasar tana buƙatar ƙwarewar da za ka koyo. Dokar shige da fice ta ce wanda ya yi horo da wannan biza sai ya koma gida ya zauna shekara biyu kafin ya cancanci bizar aiki ta H-1B ko katin zama na dindindin.

Babbar mafitar da ake da ita ita ce shirin da Sanata Kent Conrad na jihar Dakota ta Arewa ya kawo a 1994, bayan ya ga ƙauyukan jiharsa suna rasa likitoci. Shirin ya ba kowace jiha damar nema wa likitoci 20 a shekara afuwar wannan sharaɗi, aka ƙara adadin zuwa 30 a 2002, kuma abin da likita zai bayar a madadi shi ne aikin shekara uku a yankin da gwamnati ta ayyana a matsayin mai ƙarancin ma'aikatan lafiya. Dubban likitoci sun bi ta wannan hanya, kuma akwai ƙananan garuruwa a tsakiyar Amurka da likitan da ke duba masu ciwon suga da hawan jini a cikinsu ɗan Indiya ne ko ɗan Pakistan ko ɗan Najeriya. Sai dai shirin yana da naƙasu bayyanannu. Adadin 30 ɗin ɗaya ne ga Kalifoniya mai mutum kusan miliyan 39 da kuma jihar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya ba, don haka manyan jihohi suna cike guraben nan da nan, wasu ƙanana kuwa ba sa ƙarar da nasu. Har yau kuma ba a mayar da shi na dindindin ba, sai dai a riƙa sabunta shi tare da dokokin kasafi. Sannan zaman likitan a ƙasar yana ɗaure ne da asibitin da ya ɗauke shi, abin da ke sa wasu su haɗiye zalunci a kan albashi da yawan kwanan aiki saboda tsoron rasa takardunsu. Ƙudurin da Sanata Amy Klobuchar da abokan aikinta daga jam'iyyun biyu suka sha gabatarwa yana neman a ƙara guraben idan buƙata ta ƙaru, a kuma sanya kariya a cikin kwantiragin aiki, kuma a ganina ya daɗe da cancantar zama doka.

Matsala ta gaba ita ce katin zama na dindindin. Doka ta hana 'yan ƙasa ɗaya su ɗauki fiye da kashi 7 cikin 100 na katunan da ake bayarwa a shekara, wanda ya sa likitocin Indiya ke jiran shekaru masu yawan gaske, 'ya'yansu kuma suna fita daga ƙarƙashin bizar iyayensu da zarar sun cika shekara 21. A lokacin annobar korona an ga likitocin da ke kwana a ɗakunan masu cutar alhali sun san cewa idan suka mutu iyalinsu za su rasa izinin zama. A 2020 ne aka fara gabatar da ƙudurin da ke neman a farfaɗo da katunan da aka ware a shekarun baya ba a yi amfani da su ba, 25,000 ga ma'aikatan jinya da 15,000 ga likitoci, amma bai tsallake ba. Ka kuma lura cewa iskar siyasa tana sauyawa: a watan Yunin 2025 an hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan, a watan Satumbar shekarar kuma Shugaba Trump ya sanya kuɗi dala 100,000 a kan sababbin takardun neman H-1B, har ƙungiyoyin likitoci suka nemi a keɓe likitoci daga ciki. Kafin ka kashe kuɗi a kan mataki na gaba, duba sanarwar ofishin jakadanci da ta ECFMG ta kwanan nan.

TAMBAYA: Na yi mamakin ganin kuna goyon bayan dokokin da za su sauƙaƙa wa Amurka kwashe likitocinmu. A ƙaramar hukumarmu mace mai naƙuda takan yi tafiyar awa biyu kafin ta ga likita. Da kuɗin talaka aka koyar da waɗannan yara. Ina adalci a nan? Daga wani tsohon malamin makaranta a Sakkwato.

AMSA: Ranka ya daɗe, Malam, tambayarka ita ce mafi nauyi a cikin wasiƙun nan, kuma ƙorafinka yana da tushe. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja, don haka arewa ce ke ɗanɗana kuɗar fiye da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasashen waje tun a 2010, kuma a jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023 waɗanda bai kamata a shiga ana zawarcin ma'aikatansu ba, akwai Najeriya da Nijar da Gana. Ina tare da kai ɗari bisa ɗari a kan cewa ƙasa mai arziki wadda ta ƙi faɗaɗa horar da 'ya'yanta, sannan ta dogara da waɗanda matalauta suka koyar, akwai bashi a kanta, kuma ya kamata gwamnatocinmu su nemi a biya shi ta yarjejeniya a rubuce, da tallafin makarantun likitanci da kayan aiki.

Amma ina roƙonka ka dubi mutanen da waɗannan dokoki suka fi shafa. Da yawansu sun riga sun bar ƙasashensu, wasu ta hanyar aure, wasu kuma yaƙi ne ya kore su daga Sudan ko Siriya ko Afganistan, kuma ba su da asibitin da za su koma. Wata cibiyar nazarin ƙaura da ke Washinton ta ƙiyasta a 2020 cewa baƙi da 'yan gudun hijira kimanin 263,000 masu digiri a fannonin lafiya suna zaune a Amurka babu aiki ko suna aikin da bai kai iliminsu ba. Likitan tiyatar da ke tuƙa tasi a can bai amfani matar da ka ambata da komai ba, bai amfani mara lafiyar Amurka ba, hannunsa kuma yana mutuwa kowace shekara. Idan ya koma ɗakin tiyata, aƙalla zai iya ɗaukar nauyin karatun ƙannensa, ya zo aikin sa kai kamar yadda mambobin ƙungiyar likitocin Najeriya mazauna nahiyar Amurka, wato ANPA, suke yi, ya kuma koyar da na baya. Dakta Bennet Omalu, wanda ya gano cutar ƙwaƙwalwar da ke kama 'yan wasan ƙwallon Amurka bayan binciken wata gawa a birnin Pittsburgh a 2002, a Jami'ar Najeriya ta Nsukka ya yi karatun likitancinsa, kuma da an bar shi a bakin ƙofa da duniya ta yi asarar wannan ilimi.

Ɗaure mutane a gida kuwa an riga an gwada tunaninsa. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin da zai hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a Najeriya, kuma ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca, da hujjar cewa bai taɓa dalilin tafiyar ba. Dalilan sanannu ne: albashin da hauhawar farashi ya cinye, likita ɗaya a kan ɗakuna uku cikin dare, tiyata da fitilar waya idan wuta ta ɗauke, da fargabar masu garkuwa da mutane a hanyar zuwa aiki. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kason gwamnatin tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Ko 'ya'yanmu da gwamnatocin jihohi suka tura karatun likitanci Sudan da Masar da sauran ƙasashe, idan sun dawo sun ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, sukan daɗe suna neman inda za su yi horon shekara ɗaya na sanin makamar aiki. Wannan gyaran a hannunmu yake, Malam, kuma shi ne zai kai likita ƙaramar hukumarku.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Minesota, kuma na sami takardar zama 'yar ƙasa. Wasu abokan aikina suna cewa sassauta doka zai jefa marasa lafiya cikin haɗari. Me zan ce musu, kuma wace gudummawa irinmu za su iya bayarwa? Daga wata 'yar'uwa mazauniyar Amurka.

AMSA: Hajiya, ki fara da tuna musu cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a yau a waje suka yi karatu, don haka maganar ba sabuwa ba ce. A 2017 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani bincike a kan kwanciyar asibiti fiye da miliyan ɗaya ta tsofaffin da ke ƙarƙashin Medicare, inda aka ga cewa mace-mace cikin kwana 30 ya kasance kashi 11.2 a hannun likitocin da suka yi karatu a waje, da kashi 11.6 a hannun waɗanda suka yi a Amurka. Adalci ne a faɗa cewa waɗancan likitoci sun yi horonsu na ƙwarewa a Amurka, don haka binciken bai yanke hukunci a kan sababbin dokokin jihohi ba. Saboda haka ne nake goyon bayan dokar da ta riƙe jarrabawa yadda take, ta tantance ingancin horon da mutum ya yi a ƙasarsa, ta sa shi ƙarƙashin kulawar babban likita na shekara biyu ko uku tare da rahoto a rubuce, ta kuma hana a mayar da shi ma'aikaci mai araha wanda ba shi da bakin magana. Sannan ki tambaye su haɗarin da ke cikin rashin likita gaba ɗaya, domin ƙungiyar kwalejojin likitanci ta Amurka ta yi hasashen a 2024 cewa giɓin zai iya kaiwa likitoci 86,000 nan da 2036, kuma karkara ce za ta fi jin jiki.

Jiharki tana da tarihi a wannan fage, domin tun a 2015 Minesota ta kafa shirin gwamnati na taimaka wa likitocin da suka zo daga waje su shirya wa neman gurbin horo, kuma al'ummomin baƙi na jihar sun taka rawa wajen samar da shi. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne rabon iko: lasisi na majalisar jiha ne da hukumar likitocinta, biza da katin zama da kuɗin guraben horo kuwa na Majalisar Tarayya ne, don haka kowace buƙata a kai ta inda za a iya biyan ta. Kwamitocin majalisun jihohi suna sauraron jama'a kafin su kaɗa ƙuri'a, kuma shaidar minti biyu ko uku daga ma'aikaciyar jinya da ta ga mara lafiya ya jira wata huɗu kafin ya ga likita, ko ta ga tsohuwar da ta kasa bayyana ciwonta sai da aka sami likita mai jin harshenta, tana shiga kunnen 'yan majalisa fiye da doguwar takarda. Ku haɗa kai da ƙungiyoyin asibitocin karkara da sashen likitocin waje na ƙungiyar likitocin Amurka, domin 'yan majalisa sun fi sauraron buƙatar da ta fito daga mazaɓarsu. Yawancin majalisun jihohi suna buɗe zama ne a farkon shekara, don haka a nemi ɗan majalisar da zai ɗauki nauyin ƙuduri tun kafin Disamba, wasiƙun neman sabunta shirin Conrad kuwa su isa ofishin sanatocinku kafin ƙarshen Satumba, lokacin da shekarar kasafin gwamnatin tarayya ke ƙarewa.